Gidan Da Na Saya, Ashe Kwanakinsa A Ƙirge Suke

A ranar da na karɓi makullin gidana a garin Luton da ke ƙasar Ingila, cikin shekarar 2012, abin da na fara yi shi ne buga wa mahaifiyata waya a Zariya. Na ce mata, "Inna, yau dai ɗanki ya fita daga gidan haya." Ta yi hamdala, ta sa mini albarka, washegari kuma ta sa aka soya waina aka raba sadaka. Shekara goma cur na yi ina ɗaukar wannan magana tawa a matsayin gaskiya tsantsa. Sai a watan Oktoba na 2022 na gane cewa rabin gaskiya na faɗa mata, domin ashe hayar ce dai na shiga, sai dai mai dogon wa'adi, wadda aka biya kuɗinta dunƙule tun daga farko.

Dalili biyu ne suka sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu. Na farko, 'yan'uwanmu da dama suna sayen gidaje a Ingila, wasu mazauna can ne, wasu kuma daga gida suke aika kuɗi a saya musu domin 'ya'yansu masu karatu, kuma ba kowa ne yake karanta abin da ya sa wa hannu ba. Na biyu, abin da ya same ni ya sa na koma ina duban takardun filayenmu na gida da wani ido dabam.

Gidan da nake magana a kai fulat ne, ɗaki biyu da falo, a hawa na biyu na wani bene mai gidaje goma sha biyu. A Ingila da yankin Wales, mallakar gida iri biyu ce. Akwai wanda ya mallaki ƙasa da ginin da ke kanta har abada, ya bar wa magadansa. Akwai kuma wanda abin da ya saya shi ne ikon zama a gidan na wasu ƙidayayyun shekaru, galibi 99 ko 125, wani lokaci har 999. Idan shekarun suka cika, gida ya koma hannun mai ƙasa, ba tare da ya biya ko anini ba. Kusan duk wani fulat a ƙasar a kan wannan tsari na biyu yake, kuma gidajen da ke ƙarƙashinsa a Ingila sun kusa miliyan biyar.

Tsarin yana da dalilinsa, kuma adalci ne a faɗe shi. A tsohuwar dokar ƙasar, idan mutum ya sayar da gida sayarwa ta har abada, alƙawarin da mai saye ya ɗauka na yin gyara ko biyan kuɗin gyara ba ya hawa kan wanda zai saya daga hannunsa. To a bene, rufin na sama shi ne inuwar na ƙasa, bangon na ƙasa kuma shi ke ɗauke da na sama. Yarjejeniyar haya ce kaɗai take iya ɗaure kowane sabon mai shigowa da sharuɗɗan da na baya ya amince da su. Shi ya sa masu gini suka rungume ta. Amma da tafiya ta yi tafiya, sai mallakar ƙasar da benaye ke kai ta zama haja mai zaman kanta, kamfanoni suna saye suna sayarwa. Tamu ta sauya hannu sau biyu tun da na tare, kuma har yau ban taɓa ganin fuskar ko mutum ɗaya daga kamfanin da ke riƙe da ita ba. Abin da ke haɗa mu shi ne takardar neman kuɗin ƙasa, fam 150 a kowace shekara.

Ba zan ce ba a gaya mini ba. Lauyan da ya yi mini aikin saye a 2012 ya rubuta a rahotonsa cewa yarjejeniyar ta shekara 99 ce, ta fara daga 25 ga Maris 2004, saura shekara 91 ke nan. Na karanta, na yi murmushi. A lokacin shekarata talatin da biyar, na ce a raina wa zai kai shekara 126 a duniya? Na ajiye takardar a ƙasan akwati tare da satifiket na makaranta. Kuskurena shi ne na auna wa'adin da tsawon raina, alhali kasuwa da wani ma'auni take auna shi.

Yadda abin ya fito fili kuwa shi ne, a kakar 2022 kuɗin ruwa ya yi tashin gwauron zabo a Birtaniya, ni kuma yarjejeniyata da bankin da ya ba ni rancen sayen gida ta kusa ƙarewa. Na je wurin wani dillalin rance domin ya nemo mini mai sauƙi. Yana cikin cike takardu sai ya tambaye ni shekarun da suka rage a hayar gidan. Na ce masa suna da yawa. Ya ce yana son adadi. Da muka lissafa, sai ga shekara 80 da wata biyar. Mutumin ya ajiye biro, ya dube ni ya ce in bar maganar rance tukuna, in nemi lauya a cikin makon nan.

A wurin lauyar da na samu na fara jin labarin shekara 80. Wata doka ta 1993 ta ba mai riƙe da fulat ikon tilasta wa mai ƙasa ya ƙara masa shekara 90 a kan abin da ya rage masa, a kuma soke kuɗin ƙasa. A harshen dokar, ana mayar da kuɗin ƙasar ne ya koma ƙwayar masoro guda ɗaya a shekara, wadda ba wanda yake zuwa karɓa. Mai ƙasa ba shi da ikon ƙi, matuƙar an cika sharuɗɗa, amma dole a biya shi diyya. Diyyar nan kashi biyu ce idan wa'adin da ya rage ya haura shekara 80. Idan ya gaza 80, ko da da kwana ɗaya ne, sai kashi na uku ya shigo.

Mai kimanta gidaje da lauyar ta haɗa ni da shi ya zauna ya warware mini lissafin a kan takarda. Ya ce darajar gidana idan yana da dogon wa'adi fam 220,000 ce. Kashi na farko shi ne diyyar jinkirin da za a ja wa mai ƙasa, tunda gidan da yake sa ran karɓa a 2103 yanzu sai 2193. Tambayar ita ce, nawa za a ajiye yau ya hayayyafa ya zama fam 220,000 nan da shekara 80? Tun bayan hukuncin wata shari'a da aka fi sani da Sportelli, wanda kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2007, ana yin wannan lissafi ga fulat ne a kan kashi 5 cikin ɗari a shekara. A kan wannan ma'auni kuɗi yana ninkuwa kusan sau hamsin a shekara 80, don haka amsar ita ce kimanin fam 4,400. Kashi na biyu shi ne diyyar kuɗin ƙasar da zai daina karɓa, wanda ya kimanta a kan fam 2,500. Jimla, kusan fam 6,900.

Kashi na uku shi ne wanda Turawa suka raɗa wa suna darajar aure. Da na ji sunan na yi dariya, na ce ai ni na biya sadaki tun tuni. Mutumin bai gane barkwancin ba, ni ma da ya gama bayani dariyar ta ɗauke. Ma'anar ita ce, gida mai gajeren wa'adi ba ya daraja kamar mai dogo. Idan aka haɗa abin da ke hannun mai gida da abin da ke hannun mai ƙasa, aka ɗaura musu aure ta hanyar ƙarin wa'adi, darajar da za ta fito ta fi ta su biyun a rarrabe. Wannan rarar ita ce darajar aure, kuma wata doka ta 2002 ta ce a raba ta biyu, rabi na mai ƙasa ne, sai dai idan wa'adin ya haura shekara 80, to a nan ana ɗaukar ta a matsayin babu. A lissafinsa, rabin da zai hau kaina ya kai fam 7,000. Wato idan na bari 25 ga Maris 2023 ta wuce, abin da zan biya zai tashi daga kusan 6,900 zuwa kusan 14,000, kuma daga nan kullum ƙaruwa zai riƙa yi.

A nan ne na tafka kuskure na biyu. Da na ji cewa bin hanyar doka yana nufin ni zan biya lauyana da mai kimantawata, in kuma biya lauyan mai ƙasa da mai kimantawarsa, sai na ce bari in gwada lalama. Na rubuta wa kamfanin wasiƙa cikin ladabi, na nemi mu daidaita a tsakaninmu. Bayan mako biyu suka amsa cewa in biya kuɗin duba buƙata. Na biya. Bayan wasu makonni uku suka ce jami'in da ke kula da fayil ɗin yana hutu. Da na gaya wa lauyata, sai ta ce mini kalma ɗaya ba su faɗa ta ƙarya ba, amma in tuna cewa kowace safiya da ta waye riba ce gare su. Ciniki na lalama ba ya tsayar da agogo. Abin da ke tsayar da shi shi ne takardar sanarwa a ƙarƙashin sashe na 42 na dokar 1993, domin ranar da aka miƙa ta ita ce ranar da za a yi duk lissafi a kanta, ko da cinikin zai ɗauki shekara. Mako shida na zubar a banza kafin na fahimci haka.

Ta kuma ba ni labarin abin da lalama ta jawo wa wasu kafin 2022. An ƙara musu shekaru a farashi mai sauƙi, amma aka cusa sharaɗin cewa kuɗin ƙasa zai riƙa ninkuwa duk shekara goma. Fam 250 da ke ninkuwa haka yana zama fam 8,000 a shekara bayan shekara hamsin, kuma bankuna suna gudun irin waɗannan gidaje. Wata doka da ta fara aiki a 30 ga Yuni 2022 ta hana sanya kuɗin ƙasa a sababbin yarjejeniyoyi, amma ba ta kwance waɗanda suka riga suka ɗaure kansu ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta hana ni barci. Ina da fam 9,000 a ajiye, amma da sunan wani abu na tara su. Daminar 2022 ta yi ɓarna a sassa da yawa na Najeriya, kuma gidanmu na gado a cikin birnin Zariya bai tsira ba. Katangar gabas ta zube, soron da mahaifinmu yake zama a ciki ya tsage, ɗakin Inna kuma yana yoyo. Na riga na yi wa yayana alƙawari cewa da zarar ruwa ya ɗauke zan aiko da kuɗi a tayar da katangar da bulo, a sake rufin. Har ya yi magana da magina.

Daren da zan buga masa waya na daɗe ina juya wayar a hannu. Maiɗakina ta ce, "Malam, ka faɗa masa gaskiya yadda take. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Na kira, muka gaisa, na yi ta kewaye-kewaye, daga bisani na fito da maganar. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Tsaya in fahimce ka. Gidan nan ba ka ce ka saya ba?" Na ce na saya, Yaya. Ya ce, "To wa kuma za ka sake biya?" Na ce mai ƙasa. Ya ce, "Kai kuma mene ne?" Na buɗe baki na rasa amsa. Duk digirin da na tara bai ba ni kalmar Hausa ɗaya da zan bayyana matsayina da ita ba. Mu a wurinmu akwai saye, akwai gado, akwai kyauta, akwai aro, akwai haya, akwai jingina, kowanne da sunansa da hukuncinsa. Wannan kuwa saye ne da kuɗin saye, amma ƙarshensa ƙarshen aro. Yayana ya ce, "To ai shi ke nan. Dama an ce kayan aro ba ya rufe katara." Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya tsaya mini a rai bayan wayar shi ne bambancin gidajen biyu. Gidanmu na Zariya kakan mahaifinmu ne ya gina shi. Ba mu da wata takarda a kansa sai shaidar unguwa da ta maƙwabta, ginin ƙasa ne, ruwa yana cin sa duk shekara, amma ba a taɓa samun wanda ya zo ya ce mana kwanakinmu a ciki sun kusa ƙarewa ba. Nawa na Luton kuwa yana da rajista da lamba da taswira da inshora, ruwa ba ya taɓa shi, amma kullum raguwa yake yi ba tare da an ga ɓaraguzai ba. Ɗaya yana buƙatar yaɓe, ɗaya yana buƙatar shekaru, kuɗin hannuna kuma na ɗaya ne kawai.

Inna ce ta raba gardamar. Da labari ya kai mata, ta sa aka kira ni. Ta ce, "Katanga in ta faɗi ana ganinta, ko baɗi a tayar. Wancan da kake faɗa, in ya wuce ya wuce ko?" Na ce haka ne, Inna. Ta ce, "To ka tare wanda ke gudu. Ni a sa mini leda a rufin, na saba." Na san ba don ta fahimci dokar Ingila ta faɗi haka ba. Jikokinta ta duba. Wannan magana tata ta sauƙaƙa mini yanke shawara, amma ta ƙara mini nauyi a zuciya, domin na san tsohuwa ce za ta sake kwana a ƙarƙashin leda saboda sakacin da na yi na shekara goma.

A 12 ga Disamba 2022 lauyata ta miƙa sanarwar, muka yi tayin fam 6,000. Ta duba takardar sau uku kafin ta aika, domin kuskure a suna ko a bayanin gida yana iya lalata ta, tayin da ya yi ƙasa ƙwarai har ya zama wasa shi ma yana iya jawo a ƙalubalance ta. Kamfanin da ya yi mako shida bai ce uffan ba, cikin 'yan kwanaki ya nemi kafin alƙalami, wanda doka ta ba shi dama, wato kashi goma cikin ɗari na tayin ko fam 250, duk wanda ya fi yawa. Na biya fam 600. Suka aiko mai kimantawarsu ya zagaya gidan da ma'auni, ya leƙa har banɗaki. Doka ta ce a ba mai ƙasa aƙalla wata biyu ya mayar da martani, mun ba su zuwa 20 ga Fabrairu 2023. Amsarsu ta iso a ranar 17. Sun amince ina da haƙƙi, amma sun ce fam 10,500 suke so.

Daga nan aka shiga wani sabon ƙidayar kwanaki. Idan ba a daidaita ba, kowane ɓangare yana iya kai maganar gaban kotun musamman mai sauraron rigingimun gidaje, amma sai bayan wata biyu da martanin mai ƙasa, kuma kafin wata shida su cika. Wanda ya bari wata shidan suka wuce ba tare da an daidaita ko an shigar da ƙara ba, ana ɗauka ya janye sanarwarsa, kuma ba zai sake miƙa wata ba sai bayan wata goma sha biyu. A halin da nake ciki, wannan yana nufin in faɗa ramin da na tsallake, in kuma biya kuɗin lauyoyinsu a banza. Na rubuta ranar da jan biro na manna a jikin firji. Ranar 25 ga Maris ta zo ta wuce ina kallon kalanda, ban taɓa jin daɗin wucewar wata rana kamar wannan ba, domin agogona ya riga ya tsaya tun Disamba.

Masu kimantawa biyu suka yi ta ja-in-ja har zuwa Yuli. Sai da lauyata ta aika musu kwafin takardar ƙara da ta cike, tana jiran sa hannu kawai, sannan suka sauko. A gaban waccan kotu kowa shi ke ɗaukar nauyin lauyansa, don haka su ma ba su son zuwa a kan ɗan bambanci. Aka tsaya a fam 7,600. Lauyata ta karɓi 1,400, mai kimantawata 950, nasu lauyan da mai kimantawar 2,250. Jimla fam 12,200, ban da ɗan kuɗin rajista. Abin da ajiyata ta gaza cikewa, adashin da muke yi da wasu 'yan'uwa a nan ne ya rufa mini asiri, suka ba ni ɗauka kafin layina ya zo. A watan Satumba na 2023 aka sa hannu. Sabon wa'adin zai ƙare a watan Maris na 2193.

A tsallaken titinmu akwai wata dattijuwa Baturiya da mijinta ya rasu, muna gaisawa da ita a tashar bas. Benensu ya girmi namu, hayarta ta shekara 99 ce daga 1978. Lokacin da nake wannan fafutuka saura mata shekara 55. Tana son ta sayar ta koma kusa da 'yarta, amma bankuna da yawa ba sa ba da rance a kan gida mai irin wannan wa'adi, don haka masu zuwa taya mata 'yan kasuwa ne masu kuɗi a hannu, suna yi mata tayin wulaƙanci. Kuɗin ƙarin wa'adin kuwa ya fi ƙarfin fanshonta nesa ba kusa ba. Ita da mijinta sun gama biyan bashin gidan tun shekaru da dama, ba su taɓa cin bashin kowa ba. Ta ce mini laifinsu ɗaya, ba wanda ya ce musu su duba kalanda. Duk lokacin da na ga fitilar ɗakinta da dare, sai in tuna cewa wata biyar ne kawai suka raba ni da hanyar da ta bi.

Jama'ar ƙasar sun daɗe suna kokawa da wannan tsari, kuma gyaransa a hankali yake tafiya saboda masu ƙasa ba ƙananan mutane ba ne. Dokar 1967 ce ta fara ba masu riƙe da gidajen da ba na bene ba ikon sayen ƙasar da gidansu ke kai. Amintattun dukiyar gidan sarautar Westminster, masu manyan unguwanni a tsakiyar Landan, sun kai ƙarar gwamnati har kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai a kan wannan doka, suka sha kaye a 1986. Masu fulat sai 1993 suka samu nasu haƙƙin. A 24 ga Mayu 2024, ana gab da rushe majalisa domin zaɓe, aka amince da wata sabuwar doka wadda ta tanadi ƙarin shekara 990 maimakon 90, ta kuma tanadi soke darajar aure ɗungurungum. Sai dai amincewa da doka dabam, fara aiki da ita dabam. Yawancin sassanta an bar su sai an fitar da ƙa'idojin aiwatarwa. Daga cikin waɗanda suka fara aiki akwai soke sharaɗin cewa sai mutum ya shekara biyu da sayen gida kafin ya nemi ƙari, wanda aka cire a ƙarshen Janairu 2025.

Da labarin dokar 2024 ya fito, wani abokina ya ce mini na yi gaggawa, da na jira da na samu shekara 990, wataƙila ma a farashi mai sauƙi. Na yi tunanin maganarsa sosai, kuma ban ce ba ta da ƙamshin gaskiya ba. Mai yiwuwa wata rana a wayi gari waɗanda suka jira su ne suka ci riba, ina kuma yi wa dattijuwar nan fatan haka. Amma a Disambar 2022 abin da ke gabana shi ne dokar da ke aiki da ranar da ke matsowa. Da na jira, da na shiga 2024 da wa'adin da ya gaza 80, ina dogaro da alƙawarin 'yan siyasa da sa'ar shari'a, ga banki yana jiran amsa. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Abin da nake nadama a kai shi ne shekaru goman da na yi ban buɗe akwati ba, lokacin da abin zai zo mini da sauƙi, ba tare da na taɓa kuɗin katangar gidanmu ba.

Ga duk wanda yake shirin sayen fulat a Ingila, ko yake da shi, shawarata gajeriya ce. Kafin ka tambayi yawan ɗakuna, tambayi yawan shekarun da suka rage, ka kuma nemi a nuna maka ranar da wa'adin ya fara, domin daga ranar ake ƙirgawa, ba daga ranar da ka saya ba. Ka karanta sharaɗin kuɗin ƙasa, ka ga ko yana ƙaruwa da yadda yake ƙaruwa. Idan wa'adin ya kusanci 85, ka fara tanadi, ka nemi lauyan da wannan ne fanninsa, ya gaya maka matsayin doka a ranar da kake tambaya, tunda tana cikin sauyawa. Idan kuma mai ƙasa ya yi maka tayin lalama, ka saurare shi, amma idonka yana kan kalanda.

Na ce abin ya sa na sake duban takardunmu na gida. Ina da ɗan fili a Kaduna, da na ciro takardar shaidar mallakarsa sai na ga adadin da na riga na sani: shekara 99. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da ɗan ƙasa yake samu shi ne haƙƙin zama da amfani, kuma takardun filayen zama galibi wa'adin shekara 99 ake rubutawa a kansu, da kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Akwai bambanci babba da na Ingila, domin a nan gwamnati ce ke riƙe da ƙasar a madadin jama'a, a can kuwa kamfani ne mai neman riba. Duk da haka wa'adi wa'adi ne. Wanda aka ba takarda a 1980, tasa za ta cika a 2079, kuma jikokinsa da za su ga wannan rana an riga an haife su. Ya kamata tun yanzu 'yan majalisa da lauyoyi da masu gidaje su zauna a fayyace wa kowa, a rubuce kuma cikin harshen da zai fahimta, yadda sabuntawa za ta kasance da abin da za a biya, tun kafin bankuna da masu saye su fara ƙirga shekarun da suka rage. Ingila ta bar wannan tambaya ta kwana har ta zama rikicin da majalisarta ta shafe fiye da shekara hamsin tana warwarewa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Katangar gidanmu sai a ranin 2024 aka tayar da ita, bayan Inna ta yi damina guda cur a ƙarƙashin leda. Da na je gida a wannan shekarar, na tafi da kwafin sabuwar takardar na nuna wa yayana. Ya juya ta, ya duba adadin, ya ce, "Yanzu dai naka ne?" Na ce har zuwa 2193, Yaya. Ya yi dariya ya ce, "To Allah Ya kai jikokin jikokinka, su ma su san abin da za su gaya wa mai ƙasa." Inna da ke zaune a kan tabarma tana jin mu ta ce, "Ku dai ku riƙa duba takardunku." Na ce to, Inna. Allah Ya sa mu dace.